Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta littafin yara mai hotuna da zana shi, da yadda ake gyara su

Littafin yara mai hotuna mutum biyu ke karanta shi a lokaci guda. Babba yana karanta kalmomin da murya, yaron da ke jikinsa kuma idonsa na kan hoto, yana bin nasa labarin a can. Galibin littattafan da ba su yi armashi ba daga nan matsalarsu take farawa: marubuci ya rubuta gajeren labari irin na manya, ya datse shi, sannan aka nemo mai zane ya ƙawata. Abu na biyu da ake mantawa shi ne inji ne zai buga littafin, ya ninke takardar, ya ɗinke, ya yanke gefe. Wanda ya san aikin daga maɗaba'a yake faro lissafinsa, ya dawo baya har zuwa jimlar farko. Sai kuma kuskuren sa hannu a takarda, wanda shi ya fi cin mutum a tsawon shekarun sana'arsa.

Fara rubutu ba a ƙirga shafi ba

Mafi yawan irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, kuma ba don ado aka tsaya a nan ba. Injin bugu babban falle yake bugawa mai ɗauke da shafi 8 ko 16, a ninke shi, a yanke. Shi ya sa za ka ga 24, 32, 40. In labarinka ya ƙare a shafi na 35, ko dai a bar maka fararen shafuka ka biya kuɗinsu, ko a matse aikin ya shaƙe.

Cikin 32 ɗin ma ba duka ne na labari ba. Shafi na 1 na sunan littafi ne, na 2 na haƙƙin mallaka da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na 3 sadaukarwa ko ɗan ƙaramin hoto. Labari ya fara a 4 da 5, ya kai 30 da 31. Ka ga buɗi 14 ke nan, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna, sai na 32 shi kaɗai a ƙarshe. In littafin mai bangon kwali ne, aka kuma manne shafin farko da na ƙarshe a jikin kwalin, abin da zai rage maka buɗi 12 ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ɗauki fallen takardar A4 guda 8, ka ninke su biyu, ka danne tsakiya da sitefila. Ka sami littafin gwaji mai shafi 32. Sa masa lambobi, ka yayyanka labarinka da almakashi, ka lilliƙa kowane yanki a shafin da kake ganin ya dace, sannan ka karanta da murya kana juya shafin da hannunka. Nan take za ka ga inda abu uku suka faru a shafi ɗaya, da inda shafi huɗu suka wuce ba abin da ya motsa. Kafin wannan ma, mai zane yakan zana akwatuna 14 ƙanana a falle ɗaya, kowanne bai fi girman kwalin ashana ba, ya zayyana labarin duka a ciki da fensir. Canza tsari a wannan mataki minti biyar ne. Bayan an shafa launi, mako ne.

Akwai abin da littafin gwaji kaɗai yake koyarwa, wato juya shafi. Shafuka masu lambar mara, 5, 7, 9, a dama suke, kuma su ne na ƙarshe da ido ke gani kafin a juya. To a nan ake ajiye tambaya, amsar kuma sai an juya. "Ladi ta ɗaga labule, sai ta ga..." a ƙasan shafi na 9, abin da ta gani yana shafi na 10. Sababbin marubuta sukan sa tambayar a hagu, amsar a dama, ga shi kuwa idon yaro ya riga bakin mai karatu isa can. An tona asiri tun ba a yi tambayar ba.

Kalmomin da ke maimaita hoto

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Dubi wannan buɗewa: "Ladi yarinya ce 'yar shekara shida, kyakkyawa, tana sanye da jar atamfa da ɗankwali, tana zaune a tsakar gida kusa da randa, ranta a ɓace saboda akuyarta ta ɓata." Duk abin da ke cikin jimlar nan aikin hoto ne, ban da ɓatan akuya. Abin da ya kamata ya rage shi ne: "Akuyar Ladi ta ɓata." Atamfar, randar da ɓacin ran, mai zane zai nuna su.

Daɗin littafi yakan fito ne a inda kalma da hoto suka saɓa. Rubutu ya ce, "Ladi ta duba bayan rumbu. Babu." Hoto kuwa ya nuna bindin akuyar yana leƙowa daga bayan turmi. Yaro ya gani, Ladi ba ta gani ba, mai karatu ma kamar bai gani ba. Za ka ji yaron ya zabura yana nuni: "Ga ta can!" Wannan ihun shi ake nema, kuma jimla ɗaya ta bayani tana iya kashe shi.

Game da tsawo, ka nufi kalma 300 zuwa 500 ga yara 'yan shekara 3 zuwa 7. In ka raba bisa buɗi 14, kalma 20 zuwa 35 ke nan a kowane buɗi, wani ma babu ko ɗaya. Littafin Maurice Sendak na 1963, Where the Wild Things Are, kalma 338 ne gaba ɗaya, kuma a tsakiyarsa akwai buɗi uku a jere da babu rubutu sam. Yadda ake ragewa: bi jimlolinka ɗaya bayan ɗaya, duk wadda za a iya zanawa ka ja mata layi, sannan ka karanta abin da ya rage. In labarin bai tsinke ba, to waɗancan da ma nauyi ne.

Hausar da ba ta bakin uwa ba

Marubuci yakan zauna gaban kwamfuta sai Hausar labaran rediyo ta hau shi: "sakamakon haka", "bisa la'akari da", "dangane da batun". Ba wanda yake yi wa ɗan shekara huɗu magana haka. Hausar tatsuniya ake so, mai gajerun jimloli da "sai" da "ke nan", mai kalmomin da kunne ke ji: ya faɗa ruwa tsulum, ta miƙe zumbur, ya fita wuf. Maimaici ma ba aibi ba ne a nan. Layi ɗaya da zai dawo sau uku ko huɗu shi ne yaro zai haddace ya riƙa rigan mai karatu faɗa.

Masu son yin littafin da waƙa su yi hattara. Daidaita ƙarshen baiti kaɗai ba ya isa. Waƙar Hausa a kan kari take tafiya, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma in karin ya karye mai karatu zai yi tuntuɓe ko da amsa-amon ya daidaita. Alamar da ta fi nuna rauni ita ce a jawo kalmar da labarin ba ya bukata don kawai ta ƙare da "wa" ko "na". In ka ga haka, koma zube.

Ka'idar rubutu kuma ba a sassauta ta don littafin na yara ne. A nan ma ta fi tsanani, domin yaro abin da ya gani shi zai kwafa. "Yana", "tana", "suna" a haɗe, "ya ce" a rabe, "gidansa" a haɗe. Karin harshen Sakkwato ko na Damagaram yana iya shiga bakin ɗan wasa in da gangan aka yi, amma kada ya riƙa shiga yana fita a muryar mai ba da labari.

Wa'azi, da babban da ke zuwa ceto

Shafi na ƙarshe a littattafai da yawa yakan ce, "Darasi: yara, ku riƙa jin maganar iyaye." In labarin ya yi aikinsa, layin ba shi da amfani. In bai yi ba, layin ba zai cece shi ba. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne a jefa yaro cikin matsala, sai Baba ko Malam ya zo a shafi na 28 ya warware. Yaron da ake karanta wa yana son ya ga tsararsa ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa, ya ci nasara da dabararsa. Gwaji uku sukan wadatar, kowanne ya fi na baya wuya, kuma suna zama daram a buɗi 14: uku na shimfiɗa, takwas na gwaje-gwaje, uku na warwara.

Mai ɗauko tatsuniya, ta Gizo da Ƙoƙi ko wata, ya sani cewa tatsuniyar dare ta fi ƙarfin shafi 32. Zaɓi rigima ɗaya ka bar sauran. Kuma ka faɗe ta da kalmominka. Wanda ya riga ka bugawa yana da haƙƙi a kan kalmominsa da zanensa, sannan dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana da sashe na musamman a kan cin kasuwa da kayan al'adun gargajiya, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ke kula da shi. Tambaya kafin bugu ta fi sauƙi.

Wani ruɗanin shi ne haɗa littafin da babba zai karanta wa yaro da wanda yaro zai karanta da kansa. Na biyun yana da iyaka: haruffan da aka riga aka koya masa, gajerun kalmomi, layi ɗaya ko biyu a shafi. Na farkon yana iya ɗaukar kalma mai wuya, tunda murya da hoto za su bayyana ta. Yanke hukunci tun farko wanne kake yi.

Inda mai zane ke zamewa

Ladin shafi na 6 ba ita ce ta shafi na 20 ba: hanci ya canza, kitso ya ƙaru, tsayi ya ragu. Yara suna lura da wannan fiye da manya, har su tambaya ko yayarta ce. Maganinsa falle guda da za a keɓe wa kowane ɗan wasa kafin a taɓa shafin farko. A zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana kuka, yana gudu, a kuma jera duk 'yan wasan a layi ɗaya don a tsayar da wa ya fi wa tsayi. A rubuta lambar kowane launi a gefe. Wannan fallen a manne shi a bango har aiki ya ƙare. A nan ne kuma ake gane wautar ba yarinya atamfa mai zane barkatai, don sai ka maimaita zanen nan sau ashirin ba tare da ya canza ba. Ɗigo-ɗigo ko ratsi biyu sun isa.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Tsayin babban mutum yakan kai tsawon kansa sau 7 zuwa 8, na ƙaramin yaro kuwa sau 4 zuwa 5, kuma idanunsa sun fi sauka ƙasa a fuska, goshi ya fi faɗi. Wanda ya zana babba ya rage masa girma, wada ya zana.

Sannan akwai zama wuri ɗaya. Buɗi 14, kowanne mutum biyu a tsaye a tsakiya, ana ganinsu daga kai har ƙafa. Matsar da idon mai kallo: wani buɗin daga saman katanga ana hango unguwa duka, wani fuska ce kawai ta cika shafi, wani ƙananan hotuna uku a farin fili suna nuna gudu, tsalle, faɗuwa. Tunda boko daga hagu zuwa dama ake karanta shi, mai tafiya gaba ya fuskanci dama. In ya fuskanci hagu, ido zai ɗauka gida yake komawa.

In labarin a Kano ko Maraɗi yake, gida mai bututun hayaƙi da bishiyar tuffa ba su da wurin zama a ciki. Masu koyon zane daga katun na talabijin su suka fi faɗawa nan ba su sani ba. Fita da littafin zane ka kalli zaure, ka ga yadda indararo ke fitowa daga soro, yadda inuwar darbejiya ke faɗuwa da la'asar, yadda ake goya yaro da zane. Kuma ka zana abin da hannunka ya iya. Sendak da kansa da dawaki ya faro littafin nan nasa, da ya ga bai iya zana doki ba ya koma dodanni.

Abu biyu kuma da suka shafi masu saye. Juya hoto a kwamfuta don ya dace da shafi yana mai da hannun dama hagu, sai ka wayi gari yaronka yana cin tuwo ko yana miƙa wa kakarsa kofi da hagu. Wanda zai fitar da bugun ajami, inda littafi ke buɗewa ta ɗaya ɓangaren, ya duba wannan shafi-shafi. Na biyu, akwai iyaye da makarantun da ba sa karɓar zanen mai rai da cikakkiyar fuska. Ka san wa kake yi wa littafin kafin ka zana fuska ɗari.

Abin da maɗaba'a ke yi wa zanen da ba a shirya ba

Wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi kowane lokaci. Don haka duk hoton da zai kai bakin shafi sai an zarce da shi milimita 3 a kowane gefe. In ba a yi ba, siririn farin layi zai fito a bakin wasu kwafin. Rubutu da duk wani abu mai muhimmanci kuma a ja su ciki, aƙalla santimita 1 daga bakin. Tsakiyar littafi, inda ɗinki yake, tana haɗiye abin da aka sa mata. Kada fuska, hannu ko kalma su faɗa nan, bar santimita 1.5 zuwa 2 ta kowane ɓangare.

Ƙarfin hoto ya zama dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga. Misali, littafi mai santimita 21 tsawo da faɗi, buɗinsa da zarcen gefe 42.6 ne da 21.6, wato kusan fiksel 5030 da 2550. Wanda ya zana a waya a kan fiksel 1000 ba shi da hanyar ƙara shi daga baya, sai dishi-dishi. Masu zane a takarda su yi shi ya ɗan fi girman bugu, a ɗauka da sikana, ba da kyamarar waya a ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba. Kuma kada a tura aikin ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi. A tura a matsayin fayil.

Launin allo haske ne, RGB. Na takarda tawada huɗu ce, CMYK. Shuɗi mai walƙiya, kore shar da ruwan hoda mai ƙyalli duk sukan dusashe in an juya su. Juya da kanka tun da wuri ka ga abin da zai fito, kada ka bar wa ma'aikacin maɗaba'a ya yi a daren bugu. Wurin da wannan ya fi yi mana illa shi ne fata. Launin fatar da ya yi kyau a allo yakan ƙara duhu a takarda, musamman marar sheƙi wadda ke shan tawada, sai ido da hanci da baki su nutse, fuska ta zama dunƙule. Gyaran: haɗa launin fata daga ja da rawaya da ɗan shuɗi, ka rage baƙar tawada a ciki sosai, ka sa haske a goshi da kunci da karan hanci, bayan kai kuma ya zama mai haske. Kowace tawada a kan kashi 100 ake auna ta, jimlar huɗun kada ta haura kashi 300 a wuri ɗaya, a takarda marar sheƙi ma ƙasa da haka. Sannan ka nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ka duba shi a hasken rana kafin ka ce a ci gaba.

Rubutu kada a zana shi a jikin hoto. A bar masa fili mai haske tun a matakin fensir, a ɗora shi daban, da baƙar tawada zalla. In aka haɗa baƙin daga tawada huɗu, ɗan gocewar inji zai sa haruffa su yi inuwa. Akwai kuma riba ta kasuwa: kowace tawada da farantinta a injin bugu, in rubutu yana kan farantin baƙi shi kaɗai, faranti ɗaya za a canza a fitar da littafin da Fulatanci, Kanuri, Turanci ko Faransanci, hotuna suna nan yadda suke. Wannan ya haɗa da allon shago ko rubutun jikin mota da ke cikin hoton.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon haruffa masu kyan gani ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon su fito bare a tsakiyar kalma, ko su zama akwati, ko wani ya maye su da b, d, k, ƙafa ta koma kafa. Gwada salon da manya da ƙananan haruffan duka kafin ka zaɓa. Salon Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta ƙera don masu koyon karatu, yana da su, kyauta ne, kuma "a" ɗinsa irin wadda ake koya wa yara rubutawa ce. In littafin zai shiga Nijar, tuna cewa can ƴ suke rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y. Girman harafi a ma'aunin kwamfuta 16 zuwa 24. A ajiye fayil ɗin a PDF da salon haruffan a cikinsa.

Takardar ciki mai nauyin giram 80 hoton baya yana kunno kai ta cikinta. Nemi 130 zuwa 170, bango kuma 250 zuwa 300 da leda a kai, don hannun yaro da miyau za su gwada shi.

Kai aiki wurin kamfani

Marubucin da ba ya zane yakan ɗauko abokinsa ya zana masa duka littafin, sannan ya kai wa kamfanin ɗab'i. Kamfanonin da suka ƙware su suke zaɓen mai zane, kuma zane mai rauni yakan jawo a ƙi rubutu mai kyau. Kai rubutun kawai. Bayanin hoto a sa shi inda labarin ba zai fahimtu ba sai da shi, kamar bindin akuyar can. Wanda yake rubutu kuma yake zane ya kai littafin gwaji na fensir da buɗi biyu ko uku da aka gama da launi. Edita zai nemi canji, kuma gara ya nema a kan fensir.

Kundin nuna aiki kuwa, zane 12 zuwa 15 sun isa, amma su zama na yara da dabbobi suna yin wani abu, da ɗan wasa ɗaya a yanayi uku ko huɗu a jere. Hoton fuskar gwamna da biro, komai kyansa, ba ya nuna ka iya ba da labari. Masu haɗa hotuna da manhajar ƙirƙirarriyar basira su san cewa a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi ba irin waɗannan hotuna kariya, ga kuma matsalar ɗan wasan da ke canza kama daga shafi zuwa shafi.

Kafin duk wannan, gwada littafin a kan yara. Ba wani ya karanta musu, kai ka koma gefe da biro. Rubuta inda mai karatun ya yi tuntuɓe da inda yara suka fara waige-waige. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ce musu su ba ka labarin.

Takardar yarjejeniya

Beatrix Potter ta Ingila, bayan kamfanoni sun ƙi littafinta na zomo Peter Rabbit, ta buga kwafi 250 da kuɗinta a Disambar 1901. A 1902 kamfanin Frederick Warne ya karɓa ya fitar da shi da launi, ya kuma yi kasuwa sosai. Amma kamfanin bai yi rajistar haƙƙin littafin a Amurka ba, sai masu bugun sata suka cika kasuwar can, ba ta samun ko kwabo. A 1903 ita da kanta ta yi rajistar 'yar tsanar zomon. Dokoki sun canza tun daga lokacin, amma har yau ta wannan ƙofa kuɗin mai zane ke zurarewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne aiki da baki, "ai mun saba". A rubuta: shafi nawa, gyara sau nawa kafin a ƙara kuɗi, yaushe za a biya. Raba biyan gida uku ya fi aminci, kashi ɗaya a farko, ɗaya bayan an amince da fensir, ɗaya a ƙarshe. A rubuta abin da za a biya in aka fasa aikin a tsakiya, da cewa sunan mai zane zai fito a bango, da wanda zai riƙe ainihin zanen.

A bambanta sayar da haƙƙi ɗungurungum da ba da izini. Izini yana da iyaka: wane harshe, wace ƙasa, takarda ko waya, shekara nawa, da sharaɗin haƙƙi ya dawo maka in littafin ya ƙare a kasuwa aka ƙi sake bugawa. A dokar Nijeriya haƙƙin rubutu da zane yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka wanda ya sayar gaba ɗaya a kan kuɗin wata biyu, da gadon jikokinsa ya haɗa. Haƙƙin fassara ma dukiya ce. Cinikinsa ne ke tara kamfanoni a baje kolin littattafan yara na Bologna a Italiya, wanda aka fara a 1964.

Kason ciniki kuma a duba daga me ake cire shi. A manyan kasuwanni kashi 10 na farashin bango aka saba, a raba biyu tsakanin marubuci da mai zane, mai yin duka biyun ya haɗa. Ɗauki misali littafin naira 2,000 da aka ba mai shago da ragin kashi 40. Kashi 10 na farashin bango naira 200 ne, kashi 10 na abin da ya shiga hannun kamfani naira 120. Lambar ɗaya ce a takarda, kuɗin ba ɗaya ba. Ayyukan ƙungiyoyin koyar da karatu, da dandali irin su African Storybook da StoryWeaver, da buɗaɗɗen lasisi suke sakin littattafai, kowa na iya bugawa da fassarawa. Hanya ce mai kyau ta sa aiki ya kai ga yara, amma in aikin biya ne, ka san kuɗin farkon nan shi ne duka.

Mai buga nasa da kansa a Nijeriya ya nemi ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma kai musu kwafi uku da doka ta wajabta wa mai ɗab'i mai zaman kansa. Kada arhar kwafi ɗaya ta ruɗe shi ya buga 3,000 bai san wa zai saya ba. Katan-katan za su zauna a ɗaki, damina ta sa shafuka masu sheƙi su manne, gara ta gama da sauran. Fara da 100 zuwa 300 a injin dijital, ka zaga makarantu kafin zangon Satumba lokacin da suke tsayar da jerin littattafai, in oda ta taru sannan ka je bugun faranti na 1,000 zuwa sama. Katan ɗin a ɗora su a kan katako, nesa da bango. Fayilolin asali masu rubutu daban da hoto daban a ajiye su wuri biyu, ɗaya a intanet, domin maɗaba'a ba ta ɗaukar alhakin adana maka su, kuma bugu na biyu da su za a yi.